Mundayen Delu da Wayar Gidan Mala Kolo

Zuwa ga Malam Na-Gidimuni, mai filin shawara.

Malam, don girman Allah ka agaza mini. Wani abu ya tokare mini maƙogwaro yau kwana goma sha biyu, ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa. Da ajami na rubuto don ban yi lekol ba, wato makarantar boko, ku juya shi yadda kuka saba. Sunayen da za ka gani duk na sauya su, nawa kuma ba zan faɗa ba.

Ni magini ne, ɗan magini, jikan magini. Shekara talatin da ɗaya ina gini a Birni da Zango, nan Damagaram, ba a taɓa nuna wani soro an ce ga wanda ya tsage a hannuna ba. Zanen fuskar gida kuwa, ba yabon kai ba, in ka bi ta Zango ka ga wanda ya tsayar da kai, ka tambayi mai shi ka ji sunan da zai kira. Na faɗi wannan don ka san ba sakarai ne ya rubuto maka ba.

Ina da ƙane, sai mu ce Sha'ibu, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da shekara biyar tsohonmu ya rasu, ni na riƙe shi. Da aka zo neman waɗanda za a kai lekol aka ce dole gidanmu ya ba da ɗaya, shi muka bayar, ni na kai shi da hannuna ina kuka kamar maƙabarta za ni da shi. To, bai mutu ba. Ya girma ya kama aiki a gidan kuran, inda injin wutar gari yake. Yau shekarunsa talatin da biyu, da mata da ƴaƴa uku, amma in ya buɗe baki rabi Hausa rabi Faransanci, ka rantse a can aka yanke masa cibiya. Mushe nake ce masa, yadda ake kiran Nasaran Faransa, in ina son ɓata masa rai, kuma kusan kullum ina so.

Bana wani attajiri ɗan asalin Barno, sai mu ce Mala Kolo, ya tashi sabon gida a Zango. Ya ba ni gini, ya ba Sha'ibu aikin wuta. Burinsa ɗaya ne: ranar da za a karɓi ƴancin kai, ya tara manyan gari a ƙofar gidansa, ya kunna kuran da hannunsa kowa ya gani. Wannan ne karo na farko da na haɗa aiki da ƙanena, kuma da na san abin da zai biyo baya da na ce ciwon baya ya kama ni.

Ni fa na san waya. Na gan ta a gidajen Nasara, baƙar roba ce da zare a naɗe, a kafa ta a bango a kunna, shi ke nan. Mushe ya ce sam. Wai gara na cin ta, ɓera na gaigayar ta, kuma rufinmu azara ne da zana, in wuta ta kama sai dai a kwashi toka. Ya zauna ya cika Mala Kolo da surutu har ya sa aka aiko da wata iri daga bakin teku. Malam, ka taɓa ganin waya mai sulke? Siririn tiyo ne na jan ƙarfe, kaurin ƙaramin yatsa, an ɗura masa wani farin gari kamar alli an danne shi tam, wayoyin biyu suna tsakiyar garin. Wai ba ta cin wuta, gara ba ta iya mata, wai sai ta binne jikokin Mala Kolo tana nan daram. Na ce madalla, saura mu ji tana kiran salla.

Da bazara ya shimfiɗa ta. Ya sa na sassaƙe masa hanya a bangon da na gama shafewa sumul, abin ya sosa mini rai amma na haɗiye. Duk inda fitila za ta zauna ya bar jelar waya kamu guda tana lilo, wuri goma sha huɗu, tara a ciki, biyar a fuskar gida. Bakin kowace jela ya dunƙula mata wani baƙin danƙo ya naɗe da tsumma. Fitilun ba su iso ba, suna cikin kamiyo, babbar motar kaya, a hanya.

Ana cikin haka aka tura shi Yamai mako shida ƙaro sani, don Baturen da yake shef ɗinsu zai koma ƙasarsu, kuma kowa ya san Sha'ibu ake shirya wa kujerar. Ranar tafiyarsa ya biyo ta wurin ginin. A gaban ma'aikatana, yana nuni da yatsa, ya ce, “Yaya, kada kowa ya taɓa baƙaƙen kawunan nan har in dawo.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce don me ba. Ni da na share masa majina, yau ni ake ba umarni a bakin bangona.

Na fara zanen fuskar gida. Ka san aikin nan ido ne da natsuwa. Duk inda na ja layi sai in ci karo da jela, kamar ɓeraye biyar sun shige rami sun bar wutsiya waje. Masu wucewa suna tsayawa suna dariya. Wani abokin sana'a ya tambaye ni ko layu na rataya wa Mala Kolo. Mu kuwa a ƙa'idarmu ba abin da ke leƙowa daga bango sai indararo. Azara in ta yi tsawo datse ta muke, haka na ga ubana yana yi. Sai ran wata Alhamis da hantsi na ɗauki zarto na bi su ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje, na bar wa kowace tsawon yatsa. Farin garin ya zubo kaɗan, na hure shi. Na zagaye su da ɗanyen kwaɓi, na shafe da makuba, na yi kwana uku ina yayyafa ruwa don kada ya tsage. Gidan kuwa gabas yake kallo, inda ruwan sama ke bugowa, damina kuma ta sauka da ƙarfinta. Wallahi, Malam, zanen ya fito. Ban taɓa yin kamarsa ba.

Guntayen jan ƙarfen na zuba a buhu na kai gida. Matata, sai mu ce Delu, ta gan su ta tambaya, na ce ragowar aiki ne. Ta kai wa maƙeri ya kakkaɓe garin ya lanƙwasa mata mundaye takwas. Ba ta san komai ba, baiwar Allah, murna kawai take.

Saura mako ɗaya a yi biki fitilu suka iso, Sha'ibu bai dawo ba. Mala Kolo ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya je ya ɗauko wani abokin aikin Sha'ibu, sai mu ce Nomau, wanda wayar roba kaɗai ya sani. Nomau ya fere guntayen da na bari ya ɗaura fitilu. Ya ce a gwada, Mala Kolo ya ce ba mai kunna masa wuta a ɓoye, hasken farko sai a gaban baƙi.

Ranar bikin da la'asar Sha'ibu ya sauka daga mota, ko gida bai je ba ya wuto wurin, ya tarar an riga an ɗaura fitilu. Ana idar da magariba, ga manyan gari a kan darduma, ga makaɗa, Mala Kolo ya ja hannun riga ya kama marikin akwatin wuta ya danna. Wani haske ya gilma, aka ji fas, wari ya tashi, sai ɗif. Ba gidansa kaɗai ba, duk layin ya mutu, har da masu kanti uku da ba ruwansu. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Aka koma neman fitilar ƙwai a maƙwabta, mutane suna dariya a cikin rawani.

Washegari Sha'ibu ya kwance fitila ɗaya a gaban shef. Farin garin nan ya zama kamar ƙullu. Shef ya ce ba a toshe bakin wayar ba, kuma wannan shi ne abu na farko da ake koya wa mai aiki da ita. Nomau ya rantse a buɗe ya same su, kuma gaskiyarsa. Aka juya ga Sha'ibu. Ina tsaye a wurin, Malam. Bai ko dube ni ba, ya sunkuyar da kai ya ce aikinsa ne. Yanzu an ce ƙarshen watan nan shef zai aika Yamai da sunan wanda zai gaje shi, kuma ya riga ya ce ba Sha'ibu ba ne. Wasu ma na cewa haƙan ramin turakun wuta za a mai da shi. A Zango an laƙaba masa Mai Duhu.

Da farko na ɗauka bai gane ba, ko ya zaci wani ne cikin ma'aikata. Ran Juma'a ya zo gaishe ni kamar yadda ya saba. Delu ta kawo masa ruwa, mundaye suna kacau-kacau a hannunta. Ya karɓi kwanon, idonsa ya tsaya a kan hannun nan, ya daɗe. Ya sha ruwan, ya ce, “Mundayen nan sun yi miki kyau, Yaya Delu.” Ya tambayi lafiyar gwiwata, ya yi sallama ya tafi. Juma'ar da ta biyo ya sake zuwa, har da goro.

To Malam, ka duba mini tsakani da Allah. Ba laifin wayar ba ne? Wane irin abu ne za a ce zai binne jikoki, amma yayyafi kaɗan ya kashe shi? Tubalinmu ruwa na dukan sa shekara hamsin bai taɓa kai ƙara ba. Kuma da ya faɗa mini dalili, ai da ban taɓa ba. In na fito na yi magana, sunan da na tara shekara talatin da ɗaya ya zube, magina su samu abin hira har in mutu, Mala Kolo kuwa bakinsa ya fi kasuwa faɗi. Ta yaya zan tsuguna a gaban wanda na goya? Shi yana da sauran ƙuruciya da takarda, zai samu wata kujerar. Haka nake gaya wa kaina. Amma tuwo ya ƙi shiga, kuma ko a zaure nake ina jin ƙarar mundayen nan. Na ce wa Delu ta cire su, ta ce don me, na ɗauki hulata na fita.

Ni ne naka,
Magini mai ƙullutu a maƙogwaro, Damagaram.

*

Malam Magini,

Wasiƙarka ta iso, mun juya ta boko, ba mu rage ko harafi ba. Wahalar sauya sunaye da ka yi kuwa da ka huta. Gida nawa ne a Zango ya kashe wa layi wuta ranar ƴancin kai? Mai shara a biro ɗinmu, wato ofis, shi ma ya san gidan.

Ka rubuto ne don in taya ka zagin waya, to ba zan taya ka ba. Na kai maganar wurin wani dattijo da ya daɗe a aikin wuta, ga abin da ya ce. Farin garin nan shi ne katangar da ke tsakanin wayoyin biyu, da tsakaninsu da jan ƙarfen. Muddin yana bushe, wuta ba ta ƙona shi, ƙwaro ba ya cin sa, shekaru ba sa tsufar da shi. Aibinsa ɗaya, yana shan laima kamar gishiri da damina, in ya jiƙa kuma kuran ya tsallaka ta cikinsa. Shi ya sa ba a barin bakinta a buɗe ko na yini ɗaya. Baƙin danƙon da ka raina shi ne murfin. Kai da kake magini, in wani ya kwashe maka kan katanga ana tsakiyar damina, ta zube, ƙasar za ka zaga ko shi? Kai ka yanke murfi goma sha huɗu, ka liƙa musu ɗanyen kwaɓi, ka bi su da ruwa kwana uku kamar mai renon albasa, sannan ka zo kana mamakin wai waya ba ta da ƙwari.

Ba zan ce kai kaɗai ke da laifi ba. Sha'ibu ya yi wauta. Magana biyu sun ishe shi ya faɗa maka dalili, a gefe, ba a gaban ma'aikatanka da yatsa a sama ba. Wannan ciwon ƴan lekol ne, sun ɗauka bayani ɓata lokaci ne ga wanda bai zauna a benci ba. Nomau ya ɗaura fitila a kan abin da bai sani ba, maimakon ya ce bai sani ba. Mala Kolo kuwa ya hana gwaji don kada haske ya fito ba ƴan kallo, ya kuma samu ƴan kallon da ya nema. Ita kanta wayar, dattijon nan ya ce ba ta kowane gida ba ce: tana da tsada, tana son kayan aiki nata, kuma masu iya toshe bakinta a ƙasar nan ba su cika hannu ɗaya ba. Duk mai karatun filin nan da ke sha'awar ta, kada ya saya sai yana da ma'aikacin da ya san ta, kada kuma ya yarda a kunna kafin a auna. Amma duk waɗannan da na lissafa, Malam Magini, ba wanda ya riƙe zarto a cikinsu.

Abin da ya fi ba ni haushi a wasiƙarka shi ne Mushen nan da kake ta maimaitawa. Ka ce mutumin ya manta gida, ya zama Nasara. To Nasaran ne ya ga mundaye a hannun matar wansa, ya gane komai, ya sha ruwa ya yaba su ya tashi? Ya tsaya a gaban shef ya ɗauki laifinka don kada a ce wansa ya yi ɓarna. Kunyar da ka koya masa yake riƙe da ita, kuma da abincin ƴaƴansa uku yake biyan ta. Kai kuma, jikan magina, kana zaune kana karɓar goronsa kana cewa yana da sauran ƙuruciya. Kujerar nan sau ɗaya ake barin ta. Wanda ya hau ta bana, sai furfura ta sauke shi.

Ga labari mai daɗi, in kana da zuciyar ɗaukarsa. Wayar ba ta mutu ba. Laimar ta baki take shiga, kuma ba ta cika yin nisa ba. Za a tono kowane wuri, a gasa jan ƙarfen daga ciki zuwa baki har laimar ta fita, a yanke abin da ya lalace, a toshe, a auna, a ƙara tsawo a cikin ɗan akwati. Aikin Sha'ibu ne wannan, kada ka ce za ka taya shi da dabararka. Naka aikin shi ne fasa bango wuri goma sha huɗu, biyar a tsakiyar zanen nan da ba ka taɓa yin kamarsa ba. Kai za ka fasa da hannunka, kyauta, ka kuma sake zanen ya zagaye akwatunan. In kai gwanin da ka faɗa ne, masu wucewa za su ɗauka da gangan aka yi.

Kafin nan, ka fara da Delu. Ka gaya mata gaskiya yau, ka karɓi mundayen, ka yi mata alkawarin wasu, don ita ba ta yi wa kowa laifi ba. Daga nan ka tafi gidan Sha'ibu da ƙafarka, kada ka aika a kira shi. Ba sai ka tsuguna ba, na san ba zai bari ba. Ka ce ni ne, ka yi shiru, kada ka haɗa da “amma da ka faɗa mini”. Wannan ka ajiye ta sai bayan shekara. Zai ce a bar maganar, ya wuce. Kada ka yarda, a nan ne za ka nuna masa kai ne babba. Mala Kolo zai yi faɗa, zai yaɗa ka a kasuwa, magina za su yi maka dariya har kaka. Ka jure. Ba ka mutu ba da aka ce ka rataya layu.

Wata ya kusa ƙarewa, takardar shef kuma ba za ta jira ka gama shawara da zuciyarka ba. Ka ƙulle mundayen nan takwas a ƙyalle, ka sa ƙanenka a gaba har biro, ka kwance su a kan teburin Baturen. Ba ka jin Faransanci, ba kuma sai an nemo tafinta ba, da ya gan su zai gane. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce ka kama hannun Sha'ibu ka kai shi ƙofar lekol kana kuka. Ka sake kama hannun nan ka ƙarasa da shi inda ka nufa.

Allah ya sassauta maka maƙogwaro, ya bar zumunci tsakaninku, ya sa mu ga hasken gidan nan daga bakin titi.

Malam Na-Gidimuni